KASUWAR DARIYA: INA RIBAR WURAREN WASA TAKE FITOWA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta cin dukiyar mutane da ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani bawan Allah daga cikin ƴan kasuwarmu ya kawo mana bayan sallar La'asar. Ya ce harkar kaya ta kai shi Dubai, abokin cinikinsa ya zagaya da shi wani ƙaton dandali na wasanni, mai lilo iri-iri da ƙananan jiragen ƙasa masu hawa sama suna gangarowa da gudu, mutane kuwa sun biya kuɗi mai yawa don kawai su shiga su yi kururuwa da dariya su fito. Da ya dawo gida ya ga yaran unguwarsu ranar Salla suna yawo cikin rana da sababbin tufafi ba su da wurin zuwa, sai ransa ya raya masa ya gina ƙaramin irin wannan wuri. Tambayarsa ita ce: Malam, kuɗin da mutum zai samu daga sayar da wasa, halas ne?

Mun roƙe shi ya ba mu lokaci, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san suransa. Muka bincika yadda masu wannan sana'a suke tsara ta da yadda suke lissafinta, kuma abin da muka fahimta shi ne za mu shimfiɗa a nan, saboda maganar ta shafi mai jari, ta kuma shafi kowane uba da yaro zai kama wa riga a bakin ƙofa.

WASA A KAN KANSA

Da farko mu kawar da wata shubuha. Akwai daga cikinmu waɗanda da zarar sun ji kalmar wasa sai su ɗaure fuska, su ce ai Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya da wasa da wargi, don haka abin da aka gina a kan wasa ba ya da albarka. Wannan magana tana da asali, amma an kai ta inda ba ta je ba. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa Habashawa sun yi wasa da masu da garkuwa cikin masallacin Madina a ranar idi, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsaya Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana kallo ta bayansa, bai gusa ba sai da ita da kanta ta ƙoshi. Ya kuma tabbata ya yi tseren gudu da ita har sau biyu. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi wa masu tarbiyya wasiyya su bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, ya kuma yi gargaɗi cewa hana shi wasa da matsa masa ga karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dushe masa basira.

A ƙarshen Suratul Jumu'a an ambaci fatauci da wasa tare a wuri guda. Dalilin saukar ayar sananne ne: ayari ya iso Madina Annabi (S.A.W.) yana tsaye yana huɗuba, jama'a suka watse zuwa gare shi, ba wanda ya rage sai mutum goma sha biyu. An zarge su saboda lokacin da suka zaɓa da abin da suka bari, fatauci kuwa ya ci gaba da zama halas bayan wannan rana kamar yadda yake kafinta. To haka wasa yake. Idan babu haram a cikinsa, bai kuma ture wajibi ba, to amfani ne halattacce, amfani halattacce kuwa ana iya karɓar lada a kansa, kamar yadda babin ijara ya nuna a littattafan fiƙihunmu.

Da tambayar ta tsaya nan da mun ce wa alhaji bisimilla. Sai dai dandalin wasanni irin wanda ya gani ba lilon igiya ba ne da aka ɗaura a reshen dalbejiya. Masana'anta ce mai cin dukiya mai yawa, kuma yadda take cin dukiyar shi ne yake tilasta wa mai ita halayen da za mu ambata.

YADDA AKE LISSAFIN WANNAN SANA'A

Wanda ya buɗe wannan kasuwa a surar da aka santa yau shi ne Walt Disney, mai finafinan zane na ƙasar Amurka. Ya buɗe Disneyland ranar 17 ga Yuli 1955 a garin Anaheim na jihar Kalifoniya, bayan an kashe miliyon 17 na dalar Amurka, wadda ba dalarmu ta kasuwa ba ce. Kafin a sa diga a ƙasa sai da ya ɗauko masana lissafi suka duba inda jama'a suke ƙaruwa da inda manyan hanyoyin mota za su bi, sannan suka nuna masa gonakin lemo suka ce nan. Jarinsa bai isa ba, sai ya shiga yarjejeniya da gidan talabijin na ABC, suka zuba kuɗi suka tsaya masa ga bashi, shi kuma ya riƙa ba su shiri kowane mako. Tun shekarar 1954 yaran Amurka suke ganin wurin a talabijin alhali ba a gama gina shi ba. Wato an shuka sha'awar a zuciyar yaro kafin a kafa ƙofar shiga.

Har yau bisa wannan tafarki ake tsarawa. Ana ƙidaya mutanen da suke zaune tafiyar awa ɗaya ko biyu daga wurin, a ƙiyasta kashi nawa cikinsu za su zo a shekara, a ƙiyasta nawa za su taru a ranar cunkoso, a auna girman wurin da wannan, sannan a ƙiyasta abin da kowane mutum zai kashe daga shigarsa zuwa fitarsa. Nauyin sana'ar yana ga abu guda: kusan dukkan kuɗin ana kashe shi ne kafin baƙo na farko ya shigo, kuma abin da ake kashewa kullum ba ya raguwa don mutane sun ragu. Injin da yake juya mutum talatin, wutar da yake sha da albashin mai kula da shi ɗaya ne ko da mutum uku ne a kai. Babban jirgin hawa da gangara guda ɗaya yakan ci miliyon ashirin ko talatin na dalar Amurka, kuma bayan ƴan shekaru mutane sun saba da shi, dole a kawo sabo in ana so su dawo.

Idan lissafin ya yi daidai ribar tana da girma ƙwarai. A shekarar kuɗi ta 2024, sashen kamfanin Disney da ya haɗa wuraren wasa da otal-otal da jiragen ruwa na yawon buɗe ido da kayan tsaraba ya yi cinikin kusan miliyar 34, wato miliyon dubu talatin da huɗu na dalar Amurka, ribarsa ta haura miliyar 9, fiye da rabin ribar kamfanin duka. Idan kuma lissafin ya kuskure, ƙarfen da aka kafa ba atamfa ba ce da za a naɗe a kai wata kasuwa. Wani babban dandali irin wanda alhaji ya gani, Dubai Parks and Resorts, an buɗe shi a ƙarshen 2016 da tsammanin ziyara miliyon 6 da dubu 700 a shekara ta farko. Abin da aka samu a 2017 bai wuce miliyon 2 da dubu 300 ba. Aka yi ta hasara har babban mai hannun jari ya karɓe kamfanin a 2021, aka kuma rufe wani sashe nasa a 2023.

Daga wannan siffa ne tambayoyi uku suke fitowa, kuma a wurinsu halas da haram suke rabuwa: ina aka samo jarin, ina ribar take fitowa, kuma wa yake ɗaukar nauyin gyara.

TAMBAYA TA FARKO: JARI

A harshenmu ana kiran amfanin ciniki riba, kalmar kuwa ta yi kama a kunne da wadda Larabci yake kiran kuɗin ruwa da ita. Kamar harshen ne yake yi mana gargaɗi cewa tsakanin biyun taku ɗaya ne. Mu dubi abin da ya faru a Faransa.

An buɗe Euro Disney kusa da birnin Paris ranar 12 ga Afrilu 1992, da otal-otal masu ɗaki sama da dubu biyar, kuma mafi yawan kuɗin ginin bashi ne mai ruwa daga bankuna. Abin lura shi ne mutane sun zo, miliyoyinsu, har adadinsu ya kusa kai abin da aka yi tsammani. Amma ba su kwana a otal yadda aka so ba, ba su kashe a ciki yadda aka lissafa ba, kuɗin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. A shekarar kuɗi ta 1993 kamfanin ya bayyana hasarar miliyar 5 da miliyon 300 na faran ɗin Faransa. A 1994, shekarar da mu ma ba za mu manta da ita ba saboda karya darajar sefa, sai da bankuna wajen sittin suka yafe kuɗin ruwa na wata goma sha takwas, kuma ɗan sarautar Saudiyya Alwalid bin Ɗalal ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin, sannan aka tsira daga rufewa. Duk da haka bashin ya ci gaba da bin su shekara ashirin da wani abu, har uwar kamfanin ta Amurka ta saye shi duka a 2017. Ƙananan mutane da suka sayi hannun jari a kan faran 72 a 1989 mafi yawan dukiyarsu ta narke. A Amurka ma kamfanin Six Flags, mai wuraren wasa da yawa, ya nemi kariyar kotu a 2009 da bashin miliyar 2 da miliyon 400 a wuyansa.

Haramcin kuɗin ruwa ba ya bukatar wannan labari kafin ya tabbata. Abin da labarin yake ƙara mana shi ne ganin yadda bashi yake canza halin mai wuri. Lokacin da aka buɗe Euro Disney ba a sayar da giya a cikin dandalin, bisa al'adar kamfanin ta cewa wurin iyali ne. Baƙi suka yi ƙorafi, kamfani yana cikin matsi, a 1993 aka janye hanin. Waɗannan ba Musulmi ba ne, ba kuma don Allah suka hana tun farko ba, amma darasin ya shafe mu: sharaɗin da mutum ya gindaya wa kansa ranar buɗewa, ranar biyan banki ce take jarraba shi. Alhajin da ya rantse ba zai bari a yi kiɗan batsa da cakuɗuwar dare a wurinsa ba, in wata uku suka wuce bai biya ba, wani zai zo ya raɗa masa cewa daren Asabar guda ɗaya zai fitar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Shari'a ta buɗe ƙofar tarayya da ƙirali, inda mai kuɗi yake shiga riba da hasara tare da mai aiki. Abokin tarayya in shekara ta yi muni tare za ku yi haƙuri, domin ba shi da abin karɓa sai abin da aka samu.

TAMBAYA TA BIYU: RIBA

Kuɗin ƙofa shi ne farkon abin dubawa. A da, a Disneyland, mutum yana biyan dala ɗaya ya shiga, sannan kowane lilo da tikitinsa. Daga 1982 aka koma biya ɗaya a ƙofa, ka hau abin da ka iya hawa. Wani ɗalibi zai ce ai akwai jahilci a wannan ciniki, tunda mai saye bai san lilo nawa zai samu ba. Malamai sun riga sun amsa irin wannan tun da daɗewa a mas'alar gidan wanka na haya, inda mutum yake biya ya shiga ba a san yawan ruwan da zai zuba ko daɗewar da zai yi ba, suka halatta shi saboda gararin kaɗan ne kuma al'ada ta iyakance shi. Haka nan ɗaga farashi a ranakun hutu, wanda Disney ya fara a 2016, har tikitin rana ɗaya mafi tsada ya haura dala 200 a 2024, ba mu ce masa haram ba, domin Annabi (S.A.W.) da aka roƙe shi ya yanke farashi a Madina bai yanke ba. Sai dai mai wuri ya sani, ranar da yake tsawwalawa ita ce kaɗai ranar da ɗan talaka yake da sabuwar riga da ɗan canji a aljihu.

To amma a manyan kamfanonin nan kuɗin ƙofa rabin ciniki ne ko ɗan fiye. Ragowar yana fitowa daga abinci da abin sha da tsaraba da ƙananan wasanni, kuma nan ne aka fi zuba dabara. A wurare da yawa, hanyar fita daga lilo ta cikin kanti take bi, babu wata. Yaro ya sauko zuciyarsa tana bugawa, idonsa ya faɗa kan ɗan tsana mai kamar abin da ya gani yanzu, an kuma ajiye shi daidai tsayinsa. Uba ya gaji, ga mutane suna kallo. Wanda ya zana ginin ya san wannan lokaci sarai, dominsa ya zana. A zahirin fiƙihu cinikin ya ƙullu, baligi ne ya biya da hannunsa. Amma yardar da Alƙur'ani ya sharɗanta a fatauci, shin ita ce wannan da aka matso daga bakin uba ta hanyar hawayen ɗansa? Malamanmu sun yi magana a kan abin da aka karɓa da takobin kunya, ba su kuwa yabe shi ba.

Akwai kuma wanda ba shi da shubuha ko kaɗan. Rumfar da yaro zai ba da kuɗi ya jefa zobe ko ya juya wata ƙafa, in ya dace ya tafi da kyauta mai tsada, in bai dace ba kuɗinsa sun tafi, wannan caca ce ko da an yi mata fenti mai kyau, kuma mafi muninta shi ne a hannun yaro ake fara sa ta.

Mas'alar da ta fi tsayar da mu ita ce ta layi. Tun da kowa ya biya a ƙofa, sai aka wayi gari abin da yake da tsada a ciki shi ne lokaci, mutum yakan yi awa ɗaya ko biyu a tsaye don hawan minti uku. A 1999 Disney ya fito da wata takarda kyauta, ka karɓa ta gaya maka sa'ar da za ka dawo ka shiga ba jira, kowa yana da haƙƙinta daidai. Bayan rufewar annobar korona, a 2021, aka soke ta kyautar aka mayar da ita ta kuɗi, a Amurka da Paris duka. A 2024 aka ƙaro wata wadda kuɗinta a lokacin ya kai dala 400 ga mutum ɗaya a rana ɗaya, ban da kuɗin ƙofa, mai ita ya wuce gaba a lilo da yawa.

Mai kare wannan zai ce: wurin nasa ne, kuma ai a jirgin sama ma akwai kujerar gaba mai tsada, ba wanda ya ce haram. Zai ƙara da cewa kuɗin masu hali ne yake sa a iya kawo sababbin injuna da kowa zai mora. Ba mu raina wannan hujja ba. Amma ƙiyasin bai cika ba. Wanda ya zauna a bayan jirgi tare yake sauka da na gaba, faɗin kujerar wancan bai ƙara masa tsawon tafiya ba. Lilo kuwa adadin da yake ɗauka a awa ƙayyadadde ne. Mu ɗauka misali mutum dubu ne. In an ware ɗari uku ga masu biya, to daga bakin waɗanda suke tsaye aka cire su. Abin da mai wuri ya sayar a nan lokacin wasu ne, waɗanda su ma sun riga sun biya shi, bai kuwa nemi izninsu ba, bai ba su ko dala ba. Na biyu, daga ranar da tsawon layi ya zama abin sayarwa, mai wuri ba ya da sauran sha'awar ya gajarta shi. Na uku shi ne abin da yaro yake koya. A masallaci mun tarbiyyantar da shi cewa sahun farko na wanda ya riga zuwa ne, ko ɗan sarki ya makara a baya zai tsaya. A can kuwa yana tsaye cikin rana yana ganin sa'ansa yana wucewa ta wata ƙofa, ya tambayi ubansa dalili, uban ya rasa ta cewa.

Ba mu gaggauta kiran wannan haram yanke ba idan an bayyana shi sarai a ƙofa kafin mutum ya biya, domin a lokacin ya shiga da saninsa. In an ɓoye kuwa, algus ne. Amma ingancin ciniki a gaban alƙali daban, albarkarsa daban, kuma ba mu ga ya dace Musulmi ya kafa ribarsa a kan wulaƙancin wanda ya fi shi ƙaramin ƙarfi ba.

TAMBAYA TA UKU: GYARA

A takardar lissafi, kuɗin gyara shi ne layin da ya fi sauƙin ragewa, domin in an rage shi yau ba wanda zai gani gobe. Baƙo yana ganin fenti, ba ya ganin ƙusar da ta sassauta. A ƙasar Ostireliya, ranar 25 ga Oktoba 2016, mutum huɗu sun rasu a wani wasan kwalekwale a dandalin Dreamworld. Bincike ya nuna famfon ruwan ya riga ya tsaya sau biyu a wannan rana aka sake tayar da shi aka ci gaba, kuma ɗaya daga masu kula da injin ranar ce farkonta a kansa, da horon da bai kai awa biyu ba. A 2020 kotu ta ci kamfanin tarar miliyon 3 da dubu 600 na dalar ƙasar. A ƙarshen Yuli 2025 ma, a garin Ɗa'ifa na Saudiyya, wani ƙaton lilo ya karye da mutane a kansa, sama da ashirin suka ji rauni.

Mu nan mun iya cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu shafa fatiha mu tashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke lamuni daga mai sakaci. Mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka lalace a hannunsu, saboda maslahar jama'a. In haka ne ga tela da ɗan yadi, ina ga wanda aka miƙa wa ɗa ya ɗaga shi sama? Galibi abin da ƙarfin ɗan kasuwarmu zai kai gare shi tsohon inji ne da aka gama mora a wata ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin kayan gyara na asali da ƙwararren makaniki da ƙarfin halin rufe inji ranar Salla in ya ji yana wata ƙara, to ba shi da kuɗin sayen injin tun farko, ko da ya iya biyan farashinsa.

AMSARMU GA ALHAJI

Da ya dawo muka ce masa: Alhaji, niyyarka kyakkyawa ce, buƙatar kuwa gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa ganin cincirindon yara a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ranakun Salla, suna turereniya don su ga zaki da dorina, ya san ƴaƴanmu suna ƙishin wurin zuwa. Amma ka zauna da alƙalami kafin ka zauna da magina. Salla biyu ce a shekara, ga watannin bazara da ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, ga kuɗin wuta da na mai. Ka lissafa abin da zai shigo daga ƙofa da abinci mai farashin gaskiya, ka cire albashi da gyara cikakke, ba tare da ka sa kuɗin caca ko na tsallake layi ko na daren da za ka ji kunyar limaminku ya gani ba. In lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ka nemi abokan tarayya ka fara, ka ware wurin salla da alwala, injuna su tsaya in an kira, ka sa inuwa da ruwan sha kyauta, ka keɓe wa marayu da almajirai ranarsu.

In kuwa lissafin bai tsaya ba sai da ɗaya daga waɗancan, to takardar ta riga ta ba ka fatawa. Ka rage buri, daidai ruwa daidai tsaki: fili mai katanga da itatuwa da lilo mai sauƙi wanda maƙerin garinku zai iya gyarawa. Ko ka haɗa kai da ƴan'uwanka ku mayar da shi wakafi, ana karɓar ɗan abin da zai riƙe gyara, ku nemi ribarku a wurin Wanda ba Ya tauye lada. Sanya farin ciki a zuciyar yaro aikin alheri ne, ba kuwa kowane aikin alheri ne aka wajabta masa ya ciyar da mai shi ba.

Ku kuma iyaye, ku yanke abin da za ku kashe tun daga gida ku gaya wa yaro, ku hana shi rumfar sa'a ko da kuɗin kaɗan ne, kuma kada kunya ta hana ku tambayar mai inji yaushe aka duba shi. In ya fusata da tambayar, ku kama hannun ɗanku ku wuce.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna kuma roƙon malamai su gyara mana. Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su zama sanyin idanunmu duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.